A daina tumɓuke sabara daga gonaki

Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi wa 'yan'uwana manoma magana a kan sabara.

Kakata ungozoma ce a ƙauyenmu da ke ƙasar Daura, kuma ba ta taɓa yarda a rasa ganyen sabara a ɗakinta ba. Da shi take dafa ruwan wankan jego. Garinsa take zuba wa mai atini ko basir a kunu, ɗacin nan nasa kuwa ta ce shi ne maganin. Idan jariri ya kwana yana firgita sai ta ce kambun baka ne ko maye ya leƙo, ta zuba busasshen ganye a kasko ta turara ɗakin. Makiyaya ma suna yin hayaƙinsa a garke don korar ƙuda. Zancen mayu na bar wa malamai. Yaro mai gudawa kuwa, a fara masa da ruwan gishiri da sukari a kai shi asibiti, kada a tsaya jiran sabara. Amma dai mutanen da suka ɗauke ta a matsayin tsari ba sa sa mata gatari a saiwa.

Yanzu fa? Lokacin sharar gona sai a haƙe ta har kututture a ƙone, wai tana cin wuri. Mutumin da ya yi hakan shi ne kuma zai je kasuwa ya sayi garinta a ƙullin leda wurin mai lasifika.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu ganewa. Tun wajen 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya, ya fara aiki da manoman can a kan abin da suke kira sassaben zamani: a bar kututturen, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a sare sauran. Da wannan dabara miliyoyin hekta suka sake yin kore a Maraɗi da Damagaram. A Senegal kuma masu bincike sun gano cewa saiwar sabara tana janyo ruwa daga can ƙasa da dare, geron da ke kusa da ita ya samu rabo ko da an yi fari.

Ina roƙon malaman gona da masu unguwanni su faɗa wa jama'a wannan kafin sharar gonar bana. A rage mata rassa, a samu makamashi da magani, a bar saiwar a ƙasa.

Naku,
Wani manomi daga Daura, Jihar Katsina