A Daina Miƙa Wa Kowa Cikakken Ikon Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu domin in ja hankalin masu cibiyoyin koyar da kwamfuta da masu shagunan intanet da buga takardu a unguwanninmu na Kumasi, musamman Aboabo da Asawase, kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wato barin duk wanda ya zauna gaban na'ura ya yi aiki da ikon mai gudanarwa.

Kowace kwamfuta, Windows ce a kanta ko Linux, tana bambanta mai ƙaramin asusu (asusu a nan shi ne suna da kalmar sirrin da mutum ke shiga kwamfuta da su) da mai gudanarwa. Mai ƙaramin asusu yana rubutu da bincike da adana fayilolinsa, iyakarsa ke nan. Mai gudanarwa kuwa, wanda a Linux ake kira root, yana iya girka manhaja, ya sauya kalmar sirrin wani, ya karanta fayilolin kowa, ko ya shafe abin da ke kan faifai baki ɗaya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, manhajar da aka buɗe da wannan iko ita ma ta same shi, ko ta kirki ce ko mai ɗauke da cuta.

Domin kada mutum ya wuni riƙe da irin wannan iko ne aka ƙirƙiro umarnin sudo da ake amfani da shi a Linux, wanda Bob Coggeshall da Cliff Spencer suka fara rubutawa wajen shekarar 1980 a jami'ar jihar New York da ke Buffalo a Amurka. Hikimarsa ita ce mutum ya ari ikon don umarni guda, ya shigar da kalmar sirrinsa ta kansa ba ta root ba, na'ura kuma ta rubuta wanda ya yi da abin da ya yi da lokacin da ya yi shi. Bayan 'yan mintoci, biyar bisa tsarin asali ko 15 a Ubuntu, wani nau'in Linux, sai ta sake neman kalmar sirri. Akwai kuma fayil ɗin sudoers, wanda ake gyarawa da umarnin visudo, inda mai na'ura zai iya ƙayyade cewa wane an yarda masa ya sake tayar da firinta kaɗai, ba wani abu ba. Mai shago yakan ba yaronsa makullin ƙofa, amma na akwatin kuɗi yana aljihunsa, kuma babu mai cewa ya wulaƙanta yaron.

Abin takaici shi ne yadda ake koyar da wannan umarni. Ɗalibi ya ga na'ura ta hana shi izini, maimakon a zaunar da shi a bayyana masa dalilin hanin, sai a ce ya sa sudo a gaba ya wuce. Daga nan sai ya saba kwafo umarni daga intanet yana liƙawa bai san ma'anarsa ba, alhali umarni irin rm, na goge fayil, ba ya ajiye abin da ya goge a kwandon shara da za a je a dawo da shi. A ganina laifin na malamai ne fiye da na ɗalibai, domin koyar da gajeriyar hanya ya fi sauƙi.

Masu Windows ma ba su tsira ba. Tun daga Windows Vista na'ura take fito da akwatin neman amincewa kafin a yi babban sauyi, amma wasu masu gyara sukan kashe shi da sunan yana damun mutane, su miƙa na'ura da asusu guda na mai gudanarwa, ba ko kalmar sirri. To, a irin waɗannan kwamfutoci ne jama'a ke barin hoton fasfo da kwafin Ghana Card da takardun sakamakon jarrabawa idan sun zo cika fom. Dokar Ghana ta kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, kuma ban ga yadda mai shago zai sauke wannan nauyi ba muddin kowane baƙo na iya girka abin da ya ga dama.

Shi kansa sudo yana buƙatar sabuntawa, domin a Janairun 2021 kamfanin tsaron kwamfuta mai suna Qualys ya bayyana wata ɓaraka da ta kusa shekara goma a cikinsa, wadda a lokacin ke ba mai ƙaramin asusu damar zama root.

Roƙona ga masu gyaran kwamfuta shi ne, kafin su miƙa na'ura su buɗe asusu biyu, ɗaya na aikin yau da kullum, ɗaya na gudanarwa, kalmar sirrin na biyun kuma ta tsaya a hannun mai shago ko shugaban cibiya.

Wassalam,
Wani malamin kwamfuta,
Asawase, Kumasi.