Manhajar tsara abinci ba ta san tukunyar zango ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi tsokaci a kan wata ɗabi'a da ta fara shigowa gidajenmu na zangon Kumasi ta hannun 'yan makaranta da matasan ma'aikata, wato miƙa wa manhajar waya aikin yanke abin da za a ci a mako. Ga wanda bai taɓa gani ba, mutum yakan shigar da shekarunsa da tsawonsa da nauyinsa, ya faɗi abin da yake so, da wanda ba ya ci, da wanda jikinsa ba ya karɓa, sai manhajar ta tace girke-girken da ke rumbunta ta fitar masa da jadawalin kwana bakwai tare da jerin cefane. Haka Eat This Much take aiki, Mealime ma kusan haka, ita kuwa MyFitnessPal ta fi ƙarfi wajen ƙidayar kalori, sannan tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 wasu suka koma tambayarta kai tsaye.

Ban ƙi abin ba, domin duk wadda ta shiga kasuwar Kejetia da rubutaccen jerin cefane ta san kuɗinta ya fi yin auki. Damuwata ita ce an gina waɗannan manhajoji ne a kan mutum ɗaya mai farantinsa shi kaɗai, alhali a Aboabo ko Asawase tukunya ɗaya ce take ciyar da maigida mai hawan jini, da tsohuwar da haƙori ya gaza mata, da mai shayarwa, da yaran makaranta, da baƙon da ya sauka daga Arewa ba sanarwa. Uwargida ba ta da ikon dafa wa kowa son ransa. Aikinta shi ne ta samo miyar da kowa zai iya ci, ta rage gishiri saboda wannan, ta ware yaji saboda wancan, kuma kwanon maƙwabta ya fita. Ɗiyar da ta dawo daga jami'a da jadawalin da ya ce ta karya da gasasshen burodi da yogot, ranar da aka dama wa gida koko aka soya ƙosai, tukunya ta biyu ta ɗora wa mahaifiyarta, da kuɗin gawayi na biyu.

Ko an yarda da tsarin mutum ɗaya, awo ma matsala ne. Manhajar tana magana da giram da kofi, mu kuma da gwangwanin awo na olonka muke sayen masara da wake, da kashi muke sayen tumatir, da malmala muke lissafin tuwon zafi. Mai sayen waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi kuɗi yake faɗa, yawan abin da za a zuba masa kuma yana bin farashin shinkafa ne a wannan makon, don haka duk lambar kalorin da wayarsa ta nuna masa kintace ne da aka yi wa ado da alƙaluma. Miyar ayoyo da kuka da kontomire (ganyen gwaza) ba su cika samun gurbi a jadawalin da waɗannan manhajoji ke fitarwa ba, sai ganyayen da ba a samu sai a manyan kantuna da tsada, abin da ke sa yaro ya ɗauka abincin gidansu ne ba shi da lafiya. Haka nan manhajar tana iya cire naman alade da giya, amma ba ta san wanda ya yanka kazar ba, ba ta kuma lissafa sahur da buɗa-baki sai an tsaya an yi mata bayani.

Ba ta san kasuwa ba kuma. Albasarmu da yawa daga Nijar take zuwa, tumatirin rani daga Burkina Faso, saboda haka abin da ya faru a kan iyaka yana iya sauya miyar gobe. Wanda ya yi cefane a watan Disamban 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari, ya san cewa jadawalin da bai duba aljihu ba kafin Laraba ya rushe.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dogaro da son rai kansa. Manhajar da ke koyon abin da kake so, irinsa za ta riƙa ƙaro maka, alhali sau da yawa abin da baki ya saba da shi ne yake kai mutum layin masu ciwon suga da hawan jini a asibitin Komfo Anokye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, mu kuwa a miya guda mukan haɗa gishiri da dunƙule da kifin gishiri, sannan a kawo shito, wato soyayyen yaji, a gefe. Duk wanda likita ya riga ya ɗora a kan magani, masanin abinci na asibiti ya kamata ya tsara masa cimarsa, wayar kuma ta tsaya a matsayin mai tunatarwa.

Kayan aikin gyara suna nan. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da kundin sinadaran abincin Afirka ta Yamma na 2019, kuma a 2023 Gana ta ƙaddamar da nata jagoran cin abinci mai gina jiki, wanda aka ɗora a kan abincin da ake nomawa ake ci a ƙasar nan. Kirana ga 'ya'yanmu da ke karanta ilimin kwamfuta da na abinci a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) shi ne su ɗauki waɗannan littattafai biyu, su zauna da iyayensu mata da masu sayar da abinci, su auna nauyin malmala da ludayin miya a sikeli, su gina manhajar da tambayarta ta farko za ta zama mutum nawa ne a gidan, nawa ne kuɗin cefane, wa da wa ke da lalura. Su kuma sa ta yi magana da murya cikin Hausa da Twi, tun da yawancin masu riƙe da muciya a gidajenmu sun fi sabawa da saƙon murya na WhatsApp fiye da karanta dogon rubutu.

Wassalam.

Wata mai karatu,
Aboabo, Kumasi