Amsa ga wanda ya ce ina cin la'adar 'yan wasa

Assalamu alaikum, Malam.

A shirin wasanni na rediyo ka kama sunana ka yi tambaya: tunda na ce ƙungiyar da ta hau gasar Firimiya ta Najeriya kada ta watsar da yaran da suka kai ta, wace ƙungiya na taɓa riƙewa a sama, ko kuwa la'ada nake ci a hannun yaran? Ta farkon ba ta dame ni ba. Ta biyun ce ta sosa mini rai, domin mutuncina ka taɓa a kunnen mutanen da suka san ni a bakin fili tun ina saurayi.

Malam, ka fi ni sanin inda la'ada take. Ɗan wasan da ke da kwantiragi ba ya kawo wa dillali ko kwabo. Kuɗi na cikin sallamar mutum ashirin a ɗauko wasu ashirin, kowane da kuɗin sa hannu, kowane da mai rakiya. Kai da ke kiran a share kowa duk shekara, kai ya kamata a tambaya.

Ka dubi Remo Stars. Sun hau sun faɗo a 2017, suka sake hawa suka sake faɗowa a 2019. Da suka dawo a 2021 sai suka nutsu: filinsu na kansu a Ikenne, makarantar renon yara ta Beyond Limits, sannan suka bar kocinsu Daniel Ogunmodede ya yi aikinsa. Sau biyu yana ƙarewa na biyu ba a kore shi ba, a 2025 ya ɗauki kofi. A nan kuwa koci ya yi canjaras biyu a gida, an fara neman magajinsa.

Ban ce kada a sayi kowa ba. A nemo gogaggen mai tsaron raga da ɗan baya ɗaya ko biyu. Amma wasa 38 ne, ƙungiya huɗu ke faɗuwa, kuma cin wasan waje a gasarmu sai an sha wuya. Yaron da ya kwana a bas daga Maiduguri zuwa Uyo, ƙafa a kumbure, yana bin albashi da alawus, me zai buga? A biya shi kan lokaci, a tsare makin gida. Wannan kuwa har da tarbiyyar 'yan kallo. Kano Pillars mai kofi huɗu ta faɗa ajin gajiyayyu a 2022, kakar da aka zaftare mata maki saboda hargitsi a fili. Ina ga ƙungiyar da yanzu ta hau gasar?

Abin takaici, masu riƙe da ƙungiyoyin gwamnati sun fi sauraron irin maganarka, domin saye yana da biki da hotuna, biyan albashi ba shi da su.

Idan akwai ɗan wasa ɗaya da na karɓi sisinsa, ka kawo shi wannan shirin ya faɗa da bakinsa. In babu, a nan ɗin nake so ka janye maganarka.

Wassalam.