Ziyarar Cibiyoyin Bincike a Lokacin Taron Kimiyya: Abin da Hoton Tawaga Ba Ya Nunawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan jarida mu yi magana kan wani ɓangare na tarukan kimiyya da rahotanni ba su cika tsayawa a kansa ba. Idan masana fiziks suka yi babban taro, akan ware yini ɗaya ko rabin yini a kai mahalarta wata cibiyar bincike ko kamfanin fasaha da ke kusa. Abin da ke fitowa a jarida daga wannan yini bai wuce hoton mutane sanye da hular kwano ba, sai mai karatu ya ɗauka yawon buɗe ido aka je. A namu ganin wannan yini yakan fi kwana uku na sauraron muƙala amfani, amma ga wanda ya shirya masa tun kafin ya hau jirgi. Ɗalibai da matasan malamai masu shirin zuwa taronsu na farko muke nufi da wannan wasiƙa.

Galibi tun a wajen rajista ake rasa damar. Gurbin ziyara kaɗan ne, domin a wurare masu tsauraran dokoki jagora ɗaya ba ya ɗaukar sama da mutum goma ko goma sha biyu. Taron da ya tara mutum ɗari takwas yana iya samun gurbi hamsin kacal, kuma rajistar ziyarar daban take da ta taron. Za a nemi suna kamar yadda yake a fasfo harafi da harafi, da lambar fasfon, da ranar haihuwa, da ƙasa, wani lokaci har da ƙasar da aka haifi mutum. Mai gadi da jerin sunaye yake aiki, ba ya sauraron bayani. Wanda ya sabunta fasfo bayan rajista bai sanar ba, ko ya zo da hoton fasfo a waya ya bar na ainihi a masauki, a bakin ƙofa zai tsaya. Cibiyoyin gwamnatin Amurka da ke ƙarƙashin ma'aikatar makamashi suna tantance baƙi 'yan ƙasashen waje kafin su ba da izini, kuma ga 'yan wasu ƙasashe abin yakan ɗauki makonni. A duba taswira ma. Cibiyar CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai da ke kusa da Janeba, ta ratsa iyakar Suwizalan da Faransa, don haka bizar da mutum ke riƙe da ita dole ta ba shi damar shiga duk ƙasar da motar tawaga za ta taka.

Sai a tambaya tun da wuri: me za a gani takamaimai? Babbar na'urar CERN mai karo da ƙwayoyin furoton, wadda ake kira LHC, zobe ne mai tsawon kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. Muddin tana aiki ba mai sauka ramin, ko da shugaban cibiyar ne. Baƙi suna sauka ne a lokacin da aka kashe ta don gyara. A sauran lokuta ɗakin sarrafawa za a nuna musu, da wuraren gwada maganaɗisu, da tsofaffin na'urori. Wannan ba asara ba ce, a ɗakin sarrafawa ne ma ake ganin yadda aikin yake gudana, amma gara mutum ya sani kafin ya sa rai.

Tufafi kuma ba batun ado ba ne. Takalmi rufaffe mara tsini, dogon wando, babu abin da ke lilo wanda injin zai iya kamawa. Wuraren ƙarƙashin ƙasa sukan hana mai juna biyu da yara, da wanda ba zai iya hawa matakala da ƙafarsa ba idan lif ya tsaya. A takardar rajista akwai tambaya kan na'urar daidaita bugun zuciya da sauran abin da likita ya dasa a jiki. Kada a ɓoye don tsoron a hana mutum shiga.

Dalilin tambayar shi ne maganaɗisu. Ƙarfin maganaɗisun duniya da ke juya allurar kamfas bai wuce kusan kashi 50 cikin miliyan na tesla ɗaya ba (tesla ita ce ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Na'urar hoton MRI ta asibiti tana da tesla 1.5 ko 3, manyan maganaɗisun LHC guda 1,232 kuwa an ƙera su don kaiwa tesla 8.3. A ɗakunan bincike za a ga layi a ƙasa kewaye da na'urar, yawanci da fenti ko tef mai launi. Wannan layi yana nuna inda ƙarfin ya kai gawus 5, wato rabin militesla, kuma daga nan ne na'urar zuciya ke iya rikicewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga ɗaki shiru, fitilu a kashe, a ɗauka maganaɗisun ma a kashe yake. Irin wanda ake sanyayawa har wayarsa ta daina turjiya ga lantarki yakan riƙe ƙarfinsa dare da rana, ko an cire shi daga soket. Jan nasa ba a hankali yake ƙaruwa ba. A nesa ba a jin komai, taku biyu gaba sai makulli ko almakashi ya fizge daga hannu. Katin banki mai baƙin layi yana gogewa, agogo mai zare yana tsayawa. Idan an ce a zuba komai a tire, har da tsabar kuɗi da fil da abin gashi ake nufi.

Haɗarin da ya fi kowanne saurin kisa a irin waɗannan wurare shi ne wanda baƙo bai taɓa tunaninsa ba, wato ƙarancin oksijin. Ana sanyaya na'urori da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko ruwan hiliyam mai 269 ƙasa da sifili. Lita ɗaya ta ruwan naitirojin idan ta ƙafe takan zama kusan lita 700 na iska. A yi lissafi: lita goma ta zube a rufaffen ɗaki mai faɗin mita uku, tsawon mita huɗu, tsayin mita biyu da rabi. Iskar da za ta fito ta kusa kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin, oksijin zai sauko daga kashi 21 cikin ɗari zuwa wajen 16. Ƙararrawa takan kaɗa tun a 19.5. Mugun abin shi ne naitirojin ba shi da wari ko launi, kuma jikin mutum ba rashin oksijin yake ji ba, taruwar iskar da muke fitarwa ce ke sa mu jin shaƙewa. Saboda haka mutum yakan faɗi ba tare da ya ji komai ba. Shi ya sa ba a shiga lif tare da tulun naitirojin, a tura shi shi kaɗai wani ya tarbe shi a sama. Kuma idan aka hango wani kwance a irin wannan ɗaki, ba a ruga a ɗauko shi, a kira masu abin numfashi. Hiliyam sama yake tashi, naitirojin mai sanyi da iskar agon ƙasa suke kwanciya, su cika rami da ƙasan matakala. Wanda yake ganin ana zuzuta abin ya tuna ranar 19 ga Satumba 2008, lokacin da mahaɗin lantarki ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu na LHC ya narke. Kusan tan shida na hiliyam ya kwarara cikin ramin, aka ciro maganaɗisu 53 don gyara, na'urar ba ta dawo aiki ba sai Nuwamba 2009. Ba wanda ya ji rauni saboda doka ta hana kowa zama a ramin a lokacin.

Radiyeshan, wanda shi kowa ke tsoro, shi ne mafi sauƙi ga baƙo. Akan ba jagora ko kowane mutum ɗan ma'auni ya rataya a ƙirji, a karanta lambarsa kafin shiga da bayan fita. Iyakar da aka gindaya wa jama'a ita ce milisibat 1 (ma'aunin radiyeshan da jiki ya kwasa) a shekara ban da na halitta, wanda matsakaicinsa a duniya ya kai kusan 2.4. Sau da yawa abin da baƙo ya kwasa a doguwar tafiyar jirgin sama ya fi na ziyarar. Dokokin dai su ne: kada a ci ko a sha a ciki, kada a taɓa ƙarfen da ke da alamar gargaɗi, kada a bar ma'aunin cikin jakar da za ta bi na'urar binciken kaya, domin zai nuna lambar ƙarya.

Leza ta fi shi buƙatar kula. Wadda ta wuce rabin wat tana aji na huɗu, ko haskenta da ya dawo daga bango yana iya ƙona ido. Da yawa ba a ganin haskensu sam, kamar mai tsawon zango nanomita 1064. Tabarau na wani ɗaki ba ya aiki a wani ɗakin, kowanne da irin hasken da yake tarewa. A cire agogo da zobe don suna mayar da haske, kuma kada a sunkuya ɗaure takalmi kusa da teburin, domin ido zai ratsa daidai tsayin da hasken ke bi.

A kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta lamarin ya juye: a nan baƙon ne haɗari ga kayan. Iskar ɗaki na yau da kullum tana ɗauke da ƙura miliyoyi a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. A tsaftataccen ɗaki mai matakin tsafta na ISO 5 ba a yarda ƙwayoyi masu girman rabin maikuron su wuce 3,520 a wannan adadin iska ba, kuma rabin maikuron ya fi silin gashi siranta sau ɗari da ɗoriya. Ƙwaya ɗaya ta sauka a faifan silikon da ake zana da'irorin lantarki a kansa, da'irar da ke wurin ta lalace. Shiga sai da kaya na musamman, daga sama zuwa ƙasa: hular gashi, takunkumi, murfin kai, rigar da ta haɗe da wando, takalma, safar hannu. Rigar ba ta taɓa ƙasa yayin sawa. Ba hoda, ba turare, ba fensir, ba takarda irin tamu, wanda ya sha taba ma sai ya jira. Iska daga rufi take saukowa ta fice ta ramukan daɓe, don haka ba a sauri, ba a leƙa kai bisa faifai. Rawayar fitilar da ake gani a sashen zana da'ira ba ado ba ce: maganin da ake shafa wa faifan yana amsa shuɗin haske, shi ya sa walƙiyar kyamara ɗaya take iya ɓata aiki. Akwai kuma wutar da jiki ke tarawa daga gogar tufafi. Mutum ba ya jin tartsatsinta sai ta kai wajen bolt 3,000, alhali bolt 100 ya isa ya kashe wasu sassan. Abin ɗaurawa a dunduniya ko wuyan hannu da ake gwadawa a bakin ƙofa aikinsa ke nan. Yawancin baƙi dai ta gilashin baranda za su kalla.

Ba kamfanoni kaɗai ke da wannan tsauri ba. Cibiyar SNOLAB a Kanada tana kilomita biyu ƙarƙashin ƙasa cikin mahaƙar ma'adinai da ke aiki. Duk mai shiga sai ya yi wanka a can ƙasan ya sauya kaya, saboda ƙurar dutsen tana da ɗan burbushin yuraniyom da toriyom da zai rikita ma'aunai masu neman abin da ba ya faruwa sai jefi-jefi.

Kamfani zai miƙo takardar alƙawarin riƙe sirri. A karanta kafin a sa hannu, musamman wanda bincikensa ya yi kusa da nasu, kada ya ɗaure kansa a kan abin da ya riga ya sani. Za a iya liƙe kyamarar waya ko a karɓe ta. Idan injiniya ya ce ba zai amsa wata tambaya ba, ba wulaƙanci ba ne. A dokar Amurka, bayyana wa ɗan wata ƙasa wasu bayanan fasaha daidai yake da fitar da su waje, ko da a cikin ginin aka faɗa. Gaskiya kuma ziyarar kamfani rabinta talla ce da neman ma'aikata, a saurara da wannan a zuciya.

To me ake tambaya? Ba "mene ne amfanin wannan ga ɗan Adam" ba, wannan amsarsa tana allon bango. A nemi ma'aikacin da ke kula da na'urar a tambaye shi wane sashe ne ya fi lalacewa, awa nawa ake ɗauka kafin a zuƙe iskar bututu bayan an buɗe shi, ta yaya suke gano inda yake yoyo, me suke saya kuma me suke ƙerawa da kansu. A cibiyoyin hasken sinkurotoron, wato na'urar da ke samar da haske mai ƙarfi don binciken samfura, irin ESRF da ke Giranobul a Faransa ko SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017, tambayar da ta fi kowacce daraja ita ce yadda ake neman lokacin aiki da hasken. Ana rubuta gajeriyar takardar neman izini, galibi sau biyu a shekara, kwamitin masana ya tantance, kuma wanda zai wallafa sakamakonsa a fili ba ya biyan kuɗin hasken. Masanin da ke kula da kowane layin haske shi ya san irin samfurin da zai yi aiki da wanda zai ɓata lokaci, kuma yawanci yana duba daftarin mai nema idan an tura masa da wuri. A karɓi adireshinsa na imel a rubuta a littafi tun a wurin, tunda waya tana iya kasancewa a kulle a akwatin bakin ƙofa, a kuma aika masa saƙo cikin mako guda tare da bayanin samfurin: girmansa, abin da aka yi shi da shi, da abin da ake son aunawa.

Mun gode da ba mu wannan fili.

Naku,
Wasu malaman fiziks da injiniyoyin ɗakin gwaji