Kafin a Rubuta "Boma" a Ƙarƙashin Hoton Mazan Jiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan wata ɗabi'a da ke dawowa duk ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Da zarar an ga tsohon hoto na baƙaƙen sojoji cikin kaki, sai a rubuta a ƙarƙashinsa "Sojojin Najeriya a Boma, 1944", a watsa a Facebook, wani lokaci har ya kai shafin jarida. Boma ita ce ƙasar Myanmar ta yau, inda sojojinmu suka fafata a Yaƙin Duniya na Biyu. Alhali yawancin hotunan da ke cikin adakar gidajenmu ba a fagen daga aka ɗauke su ba. A bariki ne, ko a shagon mai hoto, ko a sansanin horo a Indiya. Akwai hanyar tantancewa, kuma ba ta fi ƙarfin ɗan jarida ko jikan mai hoton ba.

A fara da juya hoton. Bayansa ya fi gabansa magana: hatimin shagon mai hoto da sunan gari kamar Bombay, Kalkata, Madras ko Legas, rubutun fensir da boko ko ajami, da lambar soja. Lambar da ta fara da NA ta Najeriya ce, wadda ta fara da GC kuwa ta Gwalkwas ce, wato Ghana ta yau, inda Hausa ta kasance harshen bariki kamar yadda take a nan. Sai dai a yi hattara da rubutun biro. Biro bai yaɗu ba sai bayan yaƙin, don haka duk "Boma" da aka rubuta da shi wani ne ya ƙara daga baya, sau da yawa ɗa ko jika da ya ji labari a zaure. A kuma tuna cewa masu tace wasiƙun soja sun hana ambaton wuri, shi ya sa ainihin hotunan lokacin yaƙi suka fi zuwa ba sunan gari ko ɗaya.

Daga nan sai a ɗauki hoton da na'urar sikana, gaba da baya, a kan ma'aunin dpi (yawan ɗigo a kowane inci) 600 zuwa 1200. Hoton da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ya riga ya zubar da rabin bayanansa. Kada a saka shi a manhajojin nan masu ƙara launi ko gyara fuska kafin bincike, domin ƙirƙira suke yi: tambarin kafaɗa da ya dusashe sai su mayar da shi wani abin da bai taɓa kasancewa ba. Kada kuma a manne ainihin hoton cikin leda mai zafi, ba ya ɓantaruwa bayan haka.

Tufafi su ne ke ba da shekaru. Jar dara, 'yar shara ja, ɗamara da gajeren wando kayan faretin Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma ne, mai tambarin bishiyar kwakwa. In sojojin ba takalmi, to akwai alamar kafin Yaƙin Duniya na Biyu ne, kuma mai yiwuwa a gida. Malafa mai faɗin baki ita ce ta zamanin yaƙin. Kore-koren kayan daji, waɗanda a hoton baƙi da fari suke fitowa da duhu fiye da kaki, sun soma ne daga 1943. Jar dara kaɗai ba ta isa hujja ba: sojojin Afirka ta Gabas na Ingila sun sa irinta, haka ma sojojin Faransa da aka ɗiba daga Nijar da maƙwabtanta, waɗanda ake ganewa da tambarin ƙugiyar jirgin ruwa da hular kwano mai tozo a tsakiya.

Abin da ya fi kowane nauyi shi ne tambarin da ke kan hannun riga, ƙasa da kafaɗa. Baƙin gizo-gizo a kan rawaya na Runduna ta 81 ne, wadda aka kafa a Najeriya a watan Maris na 1943, ta isa Indiya cikin wannan shekarar, ta shiga kwarin Kaladan na Boma a ƙarshenta. Mashi biyu gicciye a kan gammo na Runduna ta 82 ne, wadda ta isa Indiya a 1944, ta shiga yankin Arakan na Boma a watan Disamba. In kuwa karkanda ce, to ba namu ba ne, Runduna ta 11 ce ta Afirka ta Gabas, wadda ita ma ta yi yaƙi a Boma a kwarin Kabaw. A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Tambari yana faɗin rundunar mutum da shekarar da hoton ba zai girme ta ba, amma ba ya faɗin wuri. Mai gizo-gizo a hannu zai iya kasancewa a Indiya kafin shiga daga, ko a kudancin Indiya wajen Madras bayan an janye rundunar a 1945, ko a Zariya bayan dawowa a 1946. Ba lallai ma ɗan Najeriya ba ne, don akwai bataliyoyin Gwalkwas da Saliyo da Gambiya a Runduna ta 81.

Bindiga ma tana taimakawa. Mai sarrafa kanta da ke da faifan harsashi zagaye a sama, Lewis ke nan, tsohuwar yayi ce tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da sojojinmu suka yi yaƙin Kamaru, suka karɓi Garwa a 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a 1916. Mai lanƙwasasshen gidan harsashi a sama ita ce Bren ta yaƙi na biyu. Banati mai kama da ƙusa, maimakon dogo mai kama da takobi, bai fito ba sai daga 1941. Wanda kuma ya rataya lambobin yabo na ƙarfe a ƙirji, musamman Tauraron Boma da aka ƙirƙiro a 1945, hotonsa na bayan yaƙi ne, ko da kuwa ya tsaya gaban zanen daji a shagon mai hoto.

Sai a bar mutanen a duba abin da ke bayansu a cikin hoton. Rubutu shi ne sarki: haruffan Boma zagaye suke kamar an jera ƙawanya, na Hindi suna rataye a jikin layi ɗaya ta sama, na Habasha kuma dabam suke da kowa. Allon shago da Italiyanci yana nuna Mogadishu ko garuruwan Habasha, inda birged ta 23 ta Najeriya ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, ta wuce Jijiga da mashigar Marda, ta kai Harar a ƙarshen Maris. Dutse mai shimfiɗaɗɗen kai a bayan tashar jiragen ruwa na Cape Town ne, zangon masu tafiya Indiya ta kudancin Afirka. Hasumiyar ibadar Buda mai siffar ƙararrawa, gidajen gora da aka ɗora bisa dirkoki, fadamun shinkafa da ɓaunan gida, waɗannan na Boma ne ko gabashin Bengal da ke iyaka da ita. Tsofaffin ɗakunan ibada na dutse a kan tuddai kuwa sun fi kama da Myohaung, garin da yau ake kira Mrauk U, inda rundunonin biyu suka haɗu a Janairun 1945. Layin 'yan dako da kaya a ka, da laimomin saukar da kaya daga jirgin Dakota a warwatse a ƙasa, alama ce mai ƙarfi ta fagen Boma, domin ta sama ake ciyar da Runduna ta 81 a Kaladan.

Itatuwa suna yaudara. Giginya tana da 'yar'uwa sak a Indiya da Boma, dogon yaro kuwa asalinsa ma daga can yake, mangwaro haka. Kuka da ginin ƙasa mai zanko ne za su sa a ce gida ne da ƙwarin gwiwa.

Akwai kuma awon inuwa, wanda ba kasafai ake kula da shi ba. A Disamba da Janairu rana tana karkata kudu, kuma a Kaladan, ko da tsakar rana, mutum mai tsawon ƙafa 6 inuwarsa ba ta gaza ƙafa 4 da rabi. A Kaduna a Disamba takan sauko zuwa wajen ƙafa 4, a Mogadishu a ƙarshen Fabrairu kuwa ba ta kai ƙafa 2 ba. Saboda haka hoton da aka ce na Kaladan ne a Janairu, amma inuwa na ƙarƙashin ƙafafu, ko wurin ne ba daidai ba ko watan. Awon yana aiki ne kawai in inuwar ta kwanta a gicciye a ƙasa mai baje, kuma ƙaryata da'awa yake iyawa, ba ya tabbatar da ita, tunda doguwar inuwa ana samunta ko'ina da hantsi ko la'asar. A kuma duba ko an wanke hoton a juye: hannun ɗana bindigar Ingila a dama yake, lambar yabo a hagu.

In sunan wuri ya fito daga bakin dangi, a sake tambaya: garin ake nufi ko barikin? Dodan, Arakan, Tamandu, An da Myohaung barikoki ne a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, duk an raɗa musu sunayen ne daga yaƙin Boma. Tsoho zai ce "a Kalapanzi aka ɗauke mu", yana nufin Kaduna, jika ya rubuta Boma. Ita kanta kalmar, wasu Bama suke furta ta, sai a gauraya ta da Bama ta Barno.

Mataki na ƙarshe shi ne gwada abin da aka samu da rubutattun bayanai. A saka hoton a Google Lens ko TinEye, manhajojin nemo irin hoto a intanet, don da yawa daga masu yawo a intanet kwafi ne na hotunan gwamnati da ke gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum a Landan, masu lamba da ke farawa da IND ko SE, tare da bayanin mai ɗauka. In an san bataliya, kundin da take rubuta inda take kowace rana yana ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew: jerin WO 172 na Kudu maso Gabashin Asiya, WO 173 na Afirka ta Yamma. A gida akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. In akwai tsauni a hoton, a gwada layin ƙololuwarsa da Google Earth, domin gini yakan rushe, daji yakan zama gona, tsauni yana nan yadda yake.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridarmu ta riƙa rubuta iyakar abin da hujjoji biyu masu zaman kansu suka tabbatar. In tambari kaɗai aka gani, a rubuta "Sojan Runduna ta 81, tsakanin 1943 da 1946", a buga bayan hoton kusa da gabansa, a kuma nemi masu karatu da ke da irinsa su turo nasu da lambar sojan da ke jiki.

Naka,
Mai bibiyar tarihin soja,
Kaduna.