Ina iskar kabon ta shige a zamanin ƙanƙara?

Malam Edita, salamu alaikum. Kullum ana maganar ɗumamar yanayi amma ba mai tuna teku. Masana sun haƙo ƙanƙarar Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, sun auna 'yan kumfar iskan da suka maƙale ciki, sai aka ga shekara 20,000 baya, lokacin da ƙanƙara ta rufe wurare da yawa a duniya, iskar kabon (mai ɗumama duniya) a sararin sama kusan kashi 190 ce cikin miliyan, da sanyin ya wuce ta hau 280. To ina ta shige lokacin sanyin? Ƙasan teku mana. Ruwan sanyi yafi riƙe iska kamar lemon kwalba a firij, ga shi ruwan can ƙasa bai cika juyowa sama ba lokacin, sai ta zauna. Yau fa mun haura 420. Don Allah a dinga kawo mana irin wannan.

Mai karatunku daga Kano