Man girki a rana, bitamin A na tsiyayewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan ƙarancin abinci mai gina jiki a tsakanin yara, kuma ina so in ƙara wani batu da ba a taɓo ba.

Tun 2002 dokar Najeriya ta wajabta sanya bitamin A a man girki da sukari da fulawa, shi ya sa ake ganin tambarin ido a jikin kwalinsu. An zaɓi mai ne domin wannan bitamin a cikin maiƙo yake narkewa, ta haka hanji ke tsotse shi, hanta ta adana. Rashinsa na kawo dundumi, ya kuma raunana garkuwar yaro, ƙyanda da gudawa su fi yi masa illa.

Sai dai haske da iska suna lalata shi. A kasuwarmu kuwa, daga jarka ake ɗura mai a gorar ruwa mai garau ko a ƙulla a leda, ya wuni a rana, wani lokaci har kwanaki. Talaka, wanda dominsa aka yi dokar, shi ne mai sayen wannan awon. Manja ma da Allah ya yi shi da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mukan ƙona shi har jansa ya gushe.

Ina roƙon NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta riƙa gwada man da ke kan tebur a kasuwa, ba na masana'anta kaɗai ba, ta kuma zauna da shugabannin 'yan kasuwa a koma ajiye mai a inuwa cikin mazubi mai duhu da murfi.

Naku,
Wani mai karatu, Kano